LISSAFIN SHEKARA A GIDAN AURE: WAIWAYE A KAN TAFIYE-TAFIYE, SANA'A, ZUMUNCI DA LAFIYAR IYALI

  

GABATARWA

Ya ke 'yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa zai fara da tambaya guda. Da za a ce ki faɗi yadda shekarar da ta wuce ta kasance a gidanki, me za ki ce? Na san amsar yawancinmu: "Alhamdu lillahi, sai godiya." Wannan amsa ce mai kyau, kuma ita ta dace da bakin mumina. To amma idan aka ce sau nawa yaranki suka kwanta zazzaɓi, nawa ake bin ki bashi, yaushe rabonki da taka ƙafa gidan ƙanwar mahaifinki, azumi nawa ya rage ba ki rama ba, nan fa za ki ga an fara kame-kame.

Ni kaina haka nake, sai da wani abu ya girgiza ni. A shekarar 1444 bayan Hijira Allah Ya yi wa gwaggona rasuwa a Funtuwa. Ita ta riƙe ni shekara huɗu ina ƙarama, a hannunta na koyi tuƙa tuwo. Muna zaman makoki wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, yaushe rabonki da ita?" Na buɗe baki na ce, "Ai ba a daɗe ba, Inna." Da na koma gefe na fara ƙirga da sallah-sallah, sai na tarar shekara biyu da wata huɗu ke nan ban sa ta a ido ba. Ga shi Funtuwa ba wata uwa duniya ba ce daga Zariya inda nake aure, kuma a cikin wannan tsakani sau biyu ina shiga garin biki, kullum ina cewa sai na zo na musamman. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Tun daga nan na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na sa masa suna littafin gida. Abin da na koya daga gare shi nake so in raba da ke, kuma a taƙaice shi ne: abin da ba a zauna aka lissafa ba, zuciya takan yi mana ƙarya a kansa, kuma a cikin wannan ƙaryar haƙƙoƙin mutane suke salwanta.

MENE NE LISSAFIN SHEKARA?

Malamai suna kiran mutum ya tsaya ya binciki kansa da suna muhasaba. Lissafin shekara shi ne ki ɗauki wannan ɗabi'a ki shigo da ita harkar gida: sau ɗaya a shekara ku zauna, ke da maigida, ku waiwayi abin da ya faru, ku rubuta, ku fitar da abin gyara.

A nan ina so in ja hankali. Wannan zama ba wata ibada ba ce mai rana ta musamman, ba shi da wata addu'a ko sallah da aka keɓe masa. Tsari ne na gida, kamar yadda ɗan kasuwa yake rufe shago ya ƙirga kayansa. Mu mun zaɓi ƙarshen Zulhajji, bayan an gama hidimar layya, domin lissafin zakka da azumi duk da watan Musulunci ake yin su, kuma shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Idan wani lokaci ya fi muku sauƙi, ba laifi.

Zan kawo misalai daga shekarar 1446, wadda ta fara a Yulin 2024 ta ƙare a Yunin 2025, domin ki ga yadda abin yake a aikace. Babi huɗu ne.

BABI NA ƊAYA: TAFIYE-TAFIYE

Ki rubuta duk tafiyar da wani a gidan ya yi zuwa wajen gari: ina aka je, don me, nawa aka kashe. Da na yi nawa na 1446, tafiya tara na samu. Shida biki ne, biyu gaisuwar mutuwa, ɗaya tak dubiya. Kin ga ke nan na fi saurin tashi idan an buga kati fiye da idan an ce wance ba ta da lafiya. Kafin in rubuta, da an tambaye ni sai in rantse ni mai yawan dubiya ce.

Sai batun kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma a ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Da muka haɗa kuɗin mota da anko da gudummawa na bukukuwan nan shida, sun fi kuɗin makarantar yaranmu biyu na zango ɗaya. Ba ina cewa a daina zuwa biki ba ne, amsa gayyata abu ne mai kyau. Amma ba kowane biki ne sai kin je da ƙafarki ba, kuma ba kowane anko ne ya zama dole ba.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: yaya sallarki ta kasance a hanya? Da yawa daga cikinmu idan muka shiga mota sai mu tara salloli har mu isa, wai kunyar yin alwala a tasha. Alhali shari'a ta sauƙaƙa. A mazhabar Malikiyya, idan tafiya ta halal ta kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, ana yin ƙasaru: Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a biyu-biyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Idan kika yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda kika je, sai ki cika sallarki. Ki fita daga gida da alwala, ki sa buta da ƙaramar darduma a jaka. Idan kin tarar akwai sallolin da suka kuɓuce miki, ki rama su, kada ki bar su a wuyanki.

Haka kuma ki duba sau nawa dare ya yi muku a hanya, sau nawa aka cusa ku mota fiye da ƙima kika yi shiru da jariri a cinya. Mu dai mun yanke cewa duk tafiyar da ba za a isa kafin Magariba ba, a bari sai gari ya waye.

BABI NA BIYU: AIKI DA SANA'A

A wannan babi ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Uwargida, ki lura da kyau: ba a ce ki tsare maigida da tambayar nawa ne albashinsa ba. Fara da naki. Idan ya ga kin buɗe naki littafin, a hankali shi ma zai saki jiki.

Bayan koyarwa a Islamiyya ina ɗan haɗa turaren wuta da humra. Kullum kuɗi suna shigowa, don haka na ɗauka riba nake ci. Da na ƙirga kayan da suka rage da kuɗin da ke hannu, na gwada da jarin da na fara shekara da shi, sai na ga uwar kuɗin ce nake ci. Dalili biyu ne: kayan haɗi sun yi tsada ban ƙara farashi ba saboda kunyar ƙawaye, sannan kuɗin ciniki da na cefane a gwangwani ɗaya nake zuba su. Maganin bai wuce raba gwangwani biyu da rubuta ciniki kullum ba.

Daga nan sai bashi, kuma a nan ne aka fi samun matsala. Ki tuna aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Amma mu mata bashinmu a ka yake: na mai ɗinki, na mai kayan miya, na dillaliya, zubin adashi, kwanon ajiyar maƙwabciya. Ki ja layi biyu, waɗanda kike bi da waɗanda suke bin ki. Ni na tarar da cikon kuɗin ɗinkin wata baiwar Allah tun ƙaramar sallah, ita kunya ta hana ta tambaya, ni kuma na sha'afa. Da na faɗi na mutu a wannan tsakani, wa zai san da shi? Ki sanar da maigida ko babbar 'yarki inda wannan shafi yake.

Kada ki manta da 'yar aikinki. An biya ta haƙƙinta kowane wata a kan lokaci? Tana zuwa makaranta kamar yadda 'ya'yanki suke zuwa? Sau nawa ta je ganin iyayenta a shekarar?

Sai zakka. Wasu mata suna ɗauka zakka ta maza ce, alhali dukiyar mace tata ce, kuma ita za a tambaya. Idan kuɗinki ko jarinki ya kai nisabi, wato ƙimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo a kansa, za ki fitar da ɗaya cikin arba'in. A mazhabarmu gwal ɗin da kike sawa don ado babu zakka a kansa, amma wanda aka saya aka ɓoye don ajiyar dukiya hukuncinsa daban. Ki tambayi malamai nisabin shekarar, domin yana sauyawa da farashin zinare.

A ƙarshen babin ki rubuta aikin yara, wato karatunsu. Izu nawa kowane yaro ya fara shekara da shi, ina ya tsaya? Wane darasi ne yake ba shi wahala a boko? Sau nawa kika taka zuwa makarantar kika ga malaminsa? A matsayina na malama ina shaida miki, akwai iyayen da ba ma ganinsu sai ranar walimar sauka.

BABI NA UKU: DANGI DA ZUMUNCI

Wannan shi ne babin da ya sa na fara littafin. Ki buɗe shafi biyu, ɗaya na danginki, ɗaya na dangin maigida. Ki jera sunayen manya: iyaye, kakanni, baffanni, kawunnai, gwaggwanni, innoni, yayye da ƙanne. A gaban kowane suna ki rubuta watan da kika gan shi ido da ido na ƙarshe. Duk wanda ya haura shekara, ki ja masa layi. Waɗannan su ne tafiye-tafiyenki na farko a sabuwar shekara, kafin kowane biki.

Na san za ki ce ai muna gaisawa a waya, muna tare a zauren dangi na WhatsApp. Madalla, waya ta taimaka ƙwarai. Amma tsohuwar da ke ƙauye ba ta cikin zauren, kuma ko kin kira ta "lafiya lau" za ta ce miki. Sai kin je za ki ga ɗakinta yana yoyo, ko idonta ya fara hazo. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama a Maiduguri. Ƙanwata tana aure a can, kuma ruwan ya shiga gidansu ya lalata kusan komai. A makon farko dangi sun yi ƙoƙari, an tara kuɗi da tufafi an aika. Da na zo lissafin ƙarshen shekara na tambayi kaina: bayan wannan makon fa? Sai na ga wata tara sun shuɗe muna gaisawa, amma ban sake tambayarta me ya rage ba. Da na matsa mata sai ta ce har lokacin keken ɗinkinta bai tashi ba, shi ne kuma sana'arta. Mun iya taron gaggawa, amma ba mu iya waiwaye ba. Don haka ki rubuta duk wanda wata jarrabawa ta sama a shekarar, gobara ko rasuwa ko mutuwar aure ko rasa aiki, ki sake bibiyarsa bayan jama'a sun watse.

Ki rubuta waɗanda aka haifa, waɗanda aka aurar, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A gaban sunan mamaci ki sa wa ya bari: marayu nawa, wa yake riƙe da su, suna makaranta ko sun daina.

Sai tambaya mai ɗaci: da wa nake gaba? Facala ce, ko ƙanwar miji, ko abokiyar zama, ko 'yar'uwa ciki ɗaya saboda rabon gado? Kin san dai shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ga shi wasunmu suna shekara uku. Ki rubuta sunan, ki sa ranar da za ki yi sallama. Ba sai an tono wane ne mai laifi ba.

BABI NA HUƊU: LAFIYA

Lafiya uwar jiki, amma ita muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ki ba kowa layinsa, har da ke kanki: me ya dame shi, sau nawa, ina aka kai shi, wane magani aka ba shi.

Amfanin rubutu shi ne yana nuna abin da yake maimaituwa. Da na duba layin maigida sai na ga kusan kowane wata na rubuta "ciwon kai, an sayo magani a kemis". Ɗaya-ɗaya ba su zama abin damuwa ba, amma da na gan su a jere sai gabana ya faɗi. Da lallami na samu ya je asibiti, aka auna jininsa aka samu 160 bisa 100. Likitoci suna ɗaukar awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, idan an maimaita a ranaku daban-daban, a matsayin hawan jini. Kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama ko kaɗan, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Yanzu yana shan magani kullum, na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Ke ma ki auna naki, musamman idan kina da juna biyu.

Ki ɗauko katin rigakafin yara ki duba. Akwai allurar da ake yi da haihuwa, sai a mako 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata 9, da ƙyanda zagaye na biyu a wata 15. Yawanci na farko-farkon muna kai su, na wata tara ne ake sha'afa. Idan an tsallake wata, ki kai yaron, ma'aikatan lafiya sun san yadda za su cike.

Ki ƙirga zazzaɓin cizon sauro: sau nawa, a wane wata? Za ki ga ya fi yawa da damina zuwa kaka. Gidan sauron yana nan ko ya yage? Maganin kariya da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a watannin damina, an ba naki cikakke ko kin ajiye a kan taga?

Mai ciki ta ƙirga zuwanta awo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Mai 'ya'yan da suka tasa kuma ta san rukunin jininsu tun kafin maganar aure ta yi nisa, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon sikila. Gara a sani tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

A nan ne kuma za ki rubuta azumin da kika sha saboda al'ada ko jego ko rashin lafiya. Daga ƙarshen Zulhajji kina da wata takwas kafin wani Ramadan. Wadda ta yi sakaci ba tare da uzuri ba har wani azumin ya riske ta, a mazhabarmu za ta rama, sannan ta ciyar da miskini mudun Annabi (SAW) ɗaya a kan kowace rana.

YADDA ZA A YI ZAMAN

1. Ki zaɓi lokacin da maigida yake cikin natsuwa, bayan ya ci abinci ya huta. Kada ki tare shi da littafi a bakin ƙofa.

2. Ku fara da ni'imomi. Ku lissafa alherin da Allah Ya yi muku a shekarar ɗaya bayan ɗaya, ki kuma yaba masa ƙoƙarinsa da bakinki. Ki ce, "Maigida, Allah Ya saka da alheri, shekarar nan ta yi tsanani amma ba mu kwana da yunwa ba."

3. Zaman nan ba kotu ba ce. Kowa laifin kansa zai nema. Da zarar kin fara "ai kai ne", an tashi daga lissafi an koma faɗa.

4. Idan kuna da abokiyar zama, ki tsaya a kan ɗakinki da 'ya'yanki. Kada littafin ya zama ma'aunin abin da aka ba ta da abin da aka ba ki.

5. Littafin sirrin gida ne. Ba na nuna wa ƙawaye ba ne, ba kuma na ɗorawa a waya duniya ta gani ba.

6. Ku fitar da ƙudurori kaɗan, uku ko huɗu, kowanne da watan da za a yi shi.

Idan maigida bai ba da fuska ba, kada ki yi fushi, yi naki ke kaɗai. Wadda kuma rubutu yake mata wahala, ta sa 'yarta ko wata amintacciya ta rubuta mata, ko da ajami ne.

AIKIN GIDA

Tunda darasi ne, ga aikin gida. Kafin fitowa ta gaba ki sayi littafi, ki cika shafi biyu kawai: shafin bashi, da shafin dangin da kika haura shekara ba ki gani ba. Sannan ki biya mutum ɗaya, ki ziyarci mutum ɗaya. Ni a shafina na 1446 sunan kawuna ne a sama. Na je a Muharram, na same shi a zaure, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ashe kina tunawa da mu?" Na ji kunya ƙwarai, amma na gode wa Allah da ya kasance a zaurensa na ji wannan magana, da ransa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a gidajenmu da zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin da ke wuyanmu tun muna da sauran numfashi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.